Da wane ma'auni ake auna littafin kuɗi, bashi da banki na jami'a?

Tambaya: Wani matashin malami da bai daɗe da kama aiki ba a sashen nazarin tattalin arziki na wata jami'a a Sakkwato ne ya aiko da ita. An ba shi darasin kuɗi da harkar banki na 'yan aji uku. A gabansa akwai littafin Mishkin, masani ɗan Amurka, da ya samo a laburare, da na Jhingan, marubuci ɗan Indiya, wanda da shi aka koyar da shi, da wani da malaman gida suka rubuta ake sayarwa a kantin makaranta. Shugaban sashe ya ce ya kawo sunan wanda za a dogara a kai. Yana son ya san yadda ake gane littafi mai kyau a wannan fanni.

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a wannan aiki da aka ɗora maka. Bar duba kaurin littafi da sunan kamfanin da ya buga shi tukuna. Buɗe babin da ke bayanin yadda bankunan kasuwanci ke samar da kuɗi, ka karanta shi a tsanake. A nan nake fara auna kowane littafi na wannan fanni, domin marubucin da ya kauce a wannan babi zai ja ɗalibi cikin duhu har ƙarshen littafin. Ɗalibin ba zai fahimci aikin babban banki ba, ba zai gane abin da ke durƙusar da banki ba, kuma in ya ji a rediyo an ɗaga kuɗin ruwa, ba zai san ta wace hanya abin zai iso kasuwa ba.

Labarin da aka saba bayarwa ka san shi, da shi aka yaye mu duka. Wani ya kai ajiyar naira 100,000, banki ya ware kashi 10 cikin 100, ya ba da rancen 90,000. Wanda aka biya da kuɗin ya kai su wani bankin, shi ma ya ware 9,000 ya ranta 81,000, a haka a haka har ajiyar farko ta ninka sau goma. Lissafin yana da daɗin rubutawa a allo, kuma ba ya wahalar da mai ba da maki. Illarsa ita ce yana sa ɗalibi ya ɗauka banki ɗan aike ne kawai, sai wani ya kawo masa sannan ya miƙa wa wani.

Ga abin da ke faruwa a zahiri. Ɗan kasuwar albasa daga Wurno ya shigo reshen banki a cikin gari, aka amince masa da rancen naira miliyan 5 don ya sayi kaya ya tura kudu. Babu ma'aikacin da ya shiga ma'ajiya ya ƙirgo kuɗin wani. A littafin bankin an rubuta abu biyu a lokaci guda: a gefen kadara, bashin miliyan 5 da banki ke bin ɗan kasuwar, a gefen abin da ake bin banki, miliyan 5 a asusun ɗan kasuwar. Wayarsa ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Ba mai ajiya ko ɗaya da kuɗinsa suka ragu, amma kuɗin da ke yawo a ƙasa sun ƙaru da miliyan 5. Ranar da ya kammala biya, su shafe kamar yadda suka zo. Rancen ne ya haifi ajiyar.

To me ya hana banki ya yi ta rubutawa ba iyaka? Kafin la'asar ɗan kasuwar ya tura miliyan 4 ga manoma da mai tirela, waɗanda asusunsu ke wasu bankuna. Dole bankinsa ya biya waɗancan bankuna daga asusunsa da ke Babban Bankin Najeriya, wato CBN. In asusun bai isa ba sai ya nemo, ko ta jawo masu ajiya, ko ta ranto daga wani banki, ko daga CBN kanta, kuma kowanne da farashinsa. Ga jarin masu banki, wanda doka ta ce sai ya kai wani kaso na rancen da aka bayar. Ga kuma tsoron kada albasar ta ruɓe a hanya ko kasuwa ta faɗi, ɗan kasuwar ya kasa biya. Littafi mai kyau zai zana wa ɗalibi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, a jadawalin kadara da bashi mai gefe biyu, har ya iya zana nasa ba tare da ya duba ba.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2014 Babban Bankin Ingila ya fitar da bayani a mujallarsa yana cewa ƙarara rance ne ke samar da ajiya, kuma yadda littattafan makaranta da yawa ke kwatanta lamarin kuskure ne. A Maris na 2020 babban bankin Amurka ya mayar da kason da yake tilasta wa bankuna ajiyewa zuwa sifili. In da lissafin ninkawa shi ne gaskiyar lamari, da raba ɗaya da sifili ya ba su kuɗi marasa iyaka, kuma hakan bai faru ba. Ba na cewa ka jefar da duk littafin da ya kawo lissafin ninkawa, domin kusan duka suna kawo shi, har da na Mishkin. Abin dubawa shi ne ko marubucin ya tsaya ya faɗi inda lissafin ya gaza. Mishkin yana tafiya da jadawali mataki-mataki, kuma yana sukar sigar mai sauƙi bayan ya kawo ta. Wanda ya kawo ta a matsayin gaskiyar ƙarshe ya wuce, wannan ka yi hattara da shi.

Sai dai kada ka zarce ɗaya gefen. Akwai sababbin rubuce-rubuce a intanet da ke cewa kason ajiyar tilas ba shi da wani tasiri, ɗalibanmu kuma suna ɗauka. A Ingila da Amurka maganar tana da gindi. A Najeriya ba haka ba ne. Wannan kaso, wanda ake kira CRR, CBN ta ɗaga shi zuwa 32.5 cikin 100 a Satumban 2022, zuwa 45 a Fabrairun 2024, sannan zuwa 50 a Satumban shekarar. Ma'ana a lokacin, rabin ajiyar da ke hannun bankin kasuwanci tana kwance a CBN, bankin ba zai taɓa ta ba. Wannan yana tsadar da kowane rance, yana kuma cikin dalilan da suka sa tazarar da ke tsakanin abin da banki ke ba mai ajiya da abin da yake karɓa daga mai rance take da faɗi a ƙasar nan. Babu littafin Amurka da zai yi maka wannan bayani. Kai za ka yi shi.

Akwai tambayar da nake gwada littafi da ita, kuma kai ma za ka iya. A Oktoban 2022, lokacin da CBN ta sanar da sauya fasalin naira, ta ce daga cikin tiriliyan 3.23 na takardun kuɗi da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Abin da ya biyo baya a farkon 2023 ba sai na ba ka labari ba: layi a ƙofar bankuna tun kafin asuba, masu POS suna sayar da naira da naira, mai tsaba a hannu yana sayen kaya da rahusa a kan mai turawa ta waya, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Ka tambayi kanka: ɗalibin da ya karanta wannan littafi, zai iya bayyana dalilin da ya sa naira 10,000 ta asusu da naira 10,000 ta hannu suka daina zama daidai? Amsar tana cikin bambancin kuɗin da babban banki ke bugawa da kuɗin da bankin kasuwanci ke rubutawa. Na biyun alkawari ne kawai na biyan na farkon, kuma darajarsa ta dogara ga yardar mutane cewa za a cika alkawarin a duk lokacin da aka nema. In littafin ya ba ɗalibi kayan aikin da zai kai ga wannan amsa, ya ci rabin jarrabawar.

Daga nan sai ka duba shekarun littafin, kuma kada shekarar da aka buga a bango ta ruɗe ka. Ana sake buga littafi a sa masa sabuwar shekara alhali ba a taɓa harafi ko ɗaya a cikinsa ba. Duba alƙaluman da ke cikin jadawali, a wace shekara suka tsaya? Na ci karo da littattafan gida masu sabon bango da har yanzu suke magana a kan MRR a matsayin ma'aunin kuɗin ruwa na CBN, alhali tun Disambar 2006 MPR ya maye gurbinsa. Littafin da ya dace da ɗalibin yau ya kamata ya san an ɗaga jarin bankuna daga biliyan 2 zuwa biliyan 25 a zamanin Charles Soludo, abin da ya rage su daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. Ya san dokar CBN ta 2007, da dokar bankuna ta 2020 da ta maye gurbin ta 1991. In sabo ne sosai, ya san umarnin Maris na 2024 da ya ɗaga jarin banki mai lasisin hulɗa da ƙasashen waje zuwa biliyan 500, mai aiki a faɗin ƙasa zuwa biliyan 200, na shiyya kuma biliyan 50.

Haka babin durƙushewar bankuna. Littattafan waje za su ba ka labarin 1930 da na 2008 a Amurka, kuma suna da amfani. Amma muna da namu a gida. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan CBN, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, aka zuba naira biliyan 420 don kada su nutse, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON ta saye rubaɓɓun basussuka. Yawancin abin da ya cinye su rance ne da aka zuba a kasuwar hannun jari da harkar mai, da rancen da manya ke ba kansu. A Yunin 2024 an soke lasisin bankin Heritage, NDIC, hukumar inshorar masu ajiya, ta karɓi ragamarsa, kuma a wannan shekara ce aka ɗaga inshorar mai ajiya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Ɗalibin da mahaifinsa ke da asusu ya cancanci ya fita daga ajinka da sanin wannan adadi.

Inda littafin Amurka ya fi nisa da mu shi ne babin manufofin babban banki. Yana ɗauka akwai kasuwar takardun lamuni mai zurfi, kuma yawancin gidaje suna da bashin gida ko na mota, ta yadda in an ɗaga kuɗin ruwa kowa zai ji a aljihunsa ya rage saye. Zaga unguwarku ka ƙirga gidajen da aka gina da rancen banki. A wajenmu hanyar ta fi bi ta farashin dala da kuma bashin gwamnati. Sashe na 38 na dokar CBN ta 2007 ya ƙayyade cewa rancen wucin gadi da za ta ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma abin ya taru har ya kai tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango a Mayun 2023. Littafin da ba shi da babi a kan abin da ke faruwa idan babban banki ya zama mai cike giɓin kasafin gwamnati bai taɓa ciwonmu ba. Kuma ya kamata ya yarda cewa akwai hauhawar farashin da kuɗin ruwa ba ya magani. In manomi a Isa ko Sabon Birni ya kasa zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, ko nawa aka ɗaga MPR gero ba zai ƙaru a kasuwa ba.

A maganar canji kuwa, mu a Sakkwato muna da misali a ƙofar gida. Daga Illela ka tsallaka Birnin Ƙonni ka shiga wani tsarin kuɗi dabam. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, kuma babban bankinta, wanda ke Dakar, na ƙasashe takwas ne. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023, daga wajen 460 a kan dala ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk abin da littafi zai faɗa a kan canji mai ɗauri da canji mai yawo, ribar kowanne da asararsa, ɗan canjin Illela yana ganinsa kullum, mai kawo shanu da mai kai kaya ma haka. Duba ko littafin ya yi bayanin tsarin biyu sosai yadda za ka iya ɗora wannan misali a kai. In ya yi, sauran aikin mai sauƙi ne.

Ga wani gwajin na minti biyar. Nemi inda littafin ya bambanta kuɗin ruwan da aka rubuta da wanda ya rage bayan an cire hauhawar farashi. A Disambar 2024 MPR yana 27.5, hauhawar farashi kuma ta kai 34.8. Ƙa'idar CBN ta ce mafi ƙarancin abin da za a ba mai asusun ajiya shi ne kashi 30 cikin 100 na MPR, wato 8.25. Ka ba ɗalibi waɗannan alƙaluma uku ka ce ya gaya maka abin da ya sami naira 100,000 da gwaggonsa ta bari a asusu shekara guda. In littafin bai shirya shi ga wannan lissafi ba, ka rubuta shi cikin gazawarsa.

Akwai maganar da tabbas za ta taso a ajinka, galibi tun makon farko, ita ce riba. Ɗalibanmu da yawa sun yi karatun zaure kafin su zo, kuma suna da haƙƙin su tambaya. Ban yarda malami ya ce wannan ba wurinsa ba ne. Littafin waje zai koya musu abin da kuɗin ruwa ke aunawa: jinkiri, da haɗarin rashin biya, da zaizayewar darajar kuɗi. Dole su san wannan ko da ba za su taɓa karɓar rance mai ruwa ba, domin da shi ake sa farashin komai a kasuwar kuɗi. Amma ba zai ce komai a kan banki marar kuɗin ruwa ba, ko ya taɓa shi da 'yan layuka. A ƙasar nan kuwa abin ya wuce nazari: Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu sun biyo baya, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun lamuni marasa kuɗin ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gyaran hanyoyi. Littafin gida da bai ware wa hanyoyin cinikin irin wannan banki, wato murabaha da ijara da mudaraba da musharaka, babi ba ya yi sakaci.

In ya ware, duba ko bayani ya yi ko yabo. Misali: banki ya sayi keke napep a kan naira miliyan 3, ya sayar wa matashi a kan miliyan 3.6, zai riƙa biyan 300,000 duk wata har shekara. A ido ribar kashi 20 ce. Amma da yake yana biya wata-wata, abin da ke kansa yana raguwa, in ka auna da ma'aunin da ake auna rance za ka ga ta doshi kashi 35 a shekara. Littafi mai gaskiya zai nuna wannan lissafi, sannan ya nuna inda bambancin yake: sai bankin ya mallaki keken kafin ya sayar, haɗarinsa na kansa a wannan tsakani, farashin kuma ya tsaya, ba ya hauhawa don an yi jinkiri. Ɗalibin da ya san ɓangarorin biyu zai iya zama da malaman fiƙihu ya fahimce su, ya kuma zauna da ma'aikatan banki ba a rufe shi ba.

Abin da ya sa nake girmama littafin Mishkin duk da nisansa da mu shi ne babin da ya yi a kan rashin daidaiton sani tsakanin mai ba da rance da mai karɓa. Mai karɓa ya san halinsa da niyyarsa, mai bayarwa bai sani ba. Kafin a ba da rance, waɗanda suka fi zumuɗin karɓa a kowane farashi su ne waɗanda suka fi haɗari. Bayan an bayar kuma, mutum zai iya karkatar da kuɗin inda ba a yi da shi ba. Da wannan kaɗai ɗalibi zai gane dalilin da banki ke neman takardar mallakar fili da yawancin mutanenmu ba su da ita, da dalilin kawo BVN a 2014. Zai kuma gane abin da ya sa dillali a Kara yake ba mahauci sa bashi ba takarda ba sa hannu: ya san gidansu, ya san ubangidansa, gobe ma a kasuwar za su haɗu. Adashin mata, da jinginar gona, da bashin da manomi ke ci da damina ya biya da hatsi da kaka, duk a kan wannan sanayya suke tsaye. Littattafai kan kira su hanyoyin gargajiya su wuce, alhali ta nan yawancin bashin jihar nan yake bi.

Babin tarihin kuɗi ba na ba shi maki mai yawa, kusan duka labari ɗaya suke bayarwa na musayar kaya da kaya. Cike shi da namu. Wuri, kuɗin da aka yi ciniki da shi a daular Sakkwato, asalinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake zuwa. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani nau'in mai araha daga wajen Zanzibar, ya yi yawa, darajarsa ta yi ta faɗuwa. Ga darasin yawan kuɗi da farashi tun kafin a san banki. Daga nan sai hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, CBN ta fara aiki a 1959, naira ta karɓi fam a 1973.

Littafin Jhingan kuwa na san dalilin da ɗalibai ke sonsa. Turancinsa ba ya wahala, ba shi da tsada, kuma ya jera ra'ayoyin masana a kan buƙatar kuɗi da yawansu, daga Fisher da malaman Kambirij zuwa Keynes da Friedman, kowanne da zatonsa da sukarsa a jere. Don sanin wa ya ce me, yana da amfani, ni ma ina komawa gare shi. Amma tsarinsa yana kiran hadda. Ɗalibi zai rubuto maka suka takwas a kan ra'ayin Fisher ba tuntuɓe, ka miƙa masa sanarwar kwamitin manufofin kuɗi na CBN ya kasa gaya maka abin da aka yanke da dalili. Misalansa na hukumomi kuma na Indiya ne. Don haka a kowane littafi ka juya ƙarshen babi ka ga irin tambayoyin da ke wurin. In duka "kawo" da "jera" da "tattauna" ne, babu lissafi, babu jadawalin da za a cike, babu alƙaluman da za a fassara, to littafin na cin jarrabawa ne.

Littafin malaman gidan kuwa ban gan shi ba, don haka kai za ka auna shi da abubuwan da na ambata. Ƙara da abu biyu. Ɗauki jimla uku daga babi daban-daban ka saka a intanet, ka ga ko daga wani wuri aka kwaso su. Sannan ka duba ko alƙalumansa sun faɗi inda aka samo su da shekararsu. In ya tsallake, ka riƙe shi hannu biyu, domin littafin gida mai inganci abu ne da muke matuƙar buƙata, kuma marubutansa sun cancanci a ƙarfafa musu gwiwa. In bai tsallake ba, kada kunyar manya ta sa ka ɗora wa yara sayensa. Ka faɗa wa shugaban sashe cikin ladabi, da shafi da layi, abin da ka gani.

Da ni aka tambaya, zan rubuta Mishkin a matsayin ginshiƙi, bugun da ya zo bayan rikicin 2008, in an sami na bayan 2020 ya fi. Ba dukansa za ka koyar ba. Ɗauki babobin ma'anar kuɗi, kuɗin ruwa, rashin daidaiton sani, tafiyar da banki, samar da kuɗi, kayan aikin babban banki da canji, ka tsallake dogon bayanin tsarin hukumomin Amurka. Jhingan ya zauna a matsayin na dubawa. Gurbin Najeriya kuma ka cike shi da takardun da ke shafin CBN kyauta: sanarwar da kwamitin manufofin kuɗi ke fitarwa bayan kowane zama tare da bayanin kowane mamba, da kundin alƙalumanta na shekara-shekara, da dokokin 2007 da 2020, sai rahoton NDIC. Sabon tsarin karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, saboda haka kana da hujjar shigar da bankin Musulunci da cinikin kan iyaka da bashin kasuwa ba tare da wani ya ce ka fita daga manhaja ba.

Maganar kuɗin saye kuwa, sabon Mishkin na asali ya fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibanmu a farashin dala na yanzu, kada ka wajabta musu. Nemi sashe ya sa shi cikin jerin littattafan da laburare zai saya da kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a ajiye 'yan kwafi a wurin da ba a fita da su, kai kuma ka raba babobin mako-mako yadda kowa zai samu ya karanta kafin ranar darasi.